Sai Onditi Ya Zauna Zan Shuka

Ruwa ya sauka a yankinmu na Gem da wuri a shekarar nan. Tun farkon Maris ƙasa ta jiƙe har ƙasan huɗa. Irin masarata yana rataye a ɗakin girki, hayaƙi ya gama busar da shi. Na wasa fartanya. Sai na jingine ta a bango, ban fita ba.

A wajenmu, in maigida bai sa iri a ƙasa ba, babu wanda zai sa a gidansa. Ɗa ba ya riga uba. Matar ɗa ba ta riga gonar uwar mijinta, ko da uwar tana kabari. Wanda ya tsallake babba ya jawo chira, ciwon ramar nan da ke cinye mutum yana tsaye, kuma da yara yake farawa. Masu zuwa coci suna cewa sun daina yarda da shi. Ban taɓa ganin ɗayansu ya gwada ba.

Matata ta rasu da daɗewa. 'Ya'yana mata aure ya kai su nesa. Wanda ya rage mini a gida ɗana ne, Onditi, da matarsa da muke kira Nyar Seme don daga Seme aka auro ta, sai 'yan matansu biyu, Adoyo da ƙanwarta. Onditi bai kafa nasa gidan ba tukuna. Ɗakinsa yana cikin gidana, kusa da ƙofar shiga.

Karatun akanta yake yi. Ya fara tun yana rubuce-rubuce a wani shagon kayan gini a Kisumu. Jarrabawar hawa-hawa ce, ya ci duka sai takarda ɗaya, ta haraji. Sau biyu ta kayar da shi. Shagon ya rufe, ya tattaro iyali ya dawo gida da kwalin littattafai. Shi da bakinsa ya gaya mini cewa wa'adin da hukumar jarrabawar ta ba shi ya zo ƙarshe. In bai ci a zaman Afrilu ba, duk abin da ya ci a baya ya tashi a banza, sai ya koma ƙasa ya faro. Yana dab da shekara arba'in. Ba zai faro ba, ni da shi duk mun sani.

Ni aji biyu na yi a makarantar mishan, aka cire ni na bi shanu. Daga baya na yi dako a tashar jirgin ruwa ta Kisumu har bayana ya ƙi. Ban san abin da ke cikin littattafansa ba. Amma na san mai aiki, na san mai zagaye aiki. Na yi zama da su duka a bakin jirgi. Mai zagaye aiki shi ya fi kowa gumi.

Onditi ba malalaci ba ne. Da malalaci ne da na san maganinsa. Tun da ya dawo kowa yake kiransa Akanta, a kasuwar Akala, a coci, a bakin hanya. Takardar bai samu ba, sunan ya samu. Kuma mu mutane ne da ba ma binne gawa da gaggawa. Tana kwance a ɗakin ajiya na asibiti makonni, kwamiti yana zama, ana tara abin da za a ciyar da baƙi, ana jiran na Nairobi da na Mombasa. Kowane kwamiti yana son mai iya rubutu. Sai a zo wajen Akanta. Bai taɓa cewa a'a ba. Kafin a binne wannan, wani ya mutu a ƙetaren kogi. Da safe ya goge riga ya fita, da magariba ya dawo a gajiye, mutane suna sa masa albarka. Wa zai ce wa mutum kada ya taimaki masu makoki?

In na tambaye shi karatu, sai ya ce gobe. Da zarar an gama wannan jana'izar. Da zarar yara sun koma makaranta gidan ya yi shiru.

Uba ba ya shiga ɗakin ɗansa mai aure, don haka ban taɓa ganin teburinsa ba sai ta taga, in na wuce. Littattafan suna nan a jere. A kansu akwai rediyo, da kwanon da Nyar Seme take ajiye allura da zare.

A watan Janairu na ba shi abila, ɗan ɗakina na tsakar gida inda nake zama da tsofaffi da yamma. Na fitar da kujerata da sanduna. Na gaya wa abokaina su daina zuwa sai an gama jarrabawa. Suka koma gidan ƙanena Obura, can gangare. Da yamma ina jin dariyarsu in iska ta juyo.

Onditi ya yi godiya sosai. Ranar farko ya ce rufin yana yoyo, ya hau ya gyara. Rana ta biyu ya ce teburin yana rawa, ya nemo kafinta. Sannan ya sayo babbar takarda ya zana jadawali da biro kala-kala, wannan da safe, wancan da rana, ya manna a bango. Ya kira ni in gani. Ya yi kyau kuwa. Washegari tsohon hedimastan makarantarmu ya mutu, aka zo aka tafi da shi.

Ranar da ruwan farko ya sauka na kira shi gindin mangwaro. Na tambaye shi ta yaya mai wannan karatu yake sanin ya shirya. Ya ce akwai tambayoyin shekarun baya. Mutum ya ɗauki takarda ɗaya, ya rufe littafi, ya zauna awa uku kamar a zauren jarrabawa, in ya gama ya ɗauki hoton amsoshin da waya ya tura wa wata malama a Kisumu ta duba. Na ce yana da irin takardun? Ya ce suna nan da yawa. Na ce guda nawa ya zauna ya yi tun dawowarsa?

Ya ce bai kai wurin ba tukuna. Sai ya sake bin littafin daga farko.

Na ce, "Ranar da ka zauna a abila ka yi guda ɗaya tun daga kai har wutsiya, ranar zan sa iri. Kafin nan ba zan sa ba."

Ya yi dariya. Da ya ga ban yi ba, ya daina.

"Baba, ai wannan aikin safiya ɗaya ne."

"Shi ya sa."

Ya ce jibi zai yi, da zarar an kai hedimasta. Aka kai hedimasta. Jibi ta zo ta wuce.

Ruwa ya ci gaba da zuwa yadda manomi yake so, da yamma ya zuba, da safe rana ta fito. Maƙwabta suka shuka. Gonakinmu biyu, ta marigayiya da ta Nyar Seme, suna kwance a huɗe, jajaye, ba kowa a ciki. Daga baya ciyawa ta fara rufe su. Masarar Obura ta tsiro, ta yi ganye biyu, ta yi huɗu.

Obura ya hauro wata safiya, ya tsaya a bakin shinge yana sakace.

"Yaya, an ce bana takarda za ku ci a gidan nan. Da wace miya ake cin ta?"

Na ce masa ya ɗaure akuyarsa, jiya na gan ta a gonata.

"To me za ta ci a ciki? Ciyawa ce kawai. Noma take taya ka, kamata ya yi ka biya ta."

Sai ya sauke murya. Ya ce yaron yana da amfani a yadda yake, kowa yana yabonsa, ba kowa Allah ya rubuta wa ofis ba. Ya ce in bar shi ya zauna kusa da ni, in na faɗi akwai mai ɗaga ni. Ya ce nasa 'ya'yan duk suna birni, sai Kirsimeti yake ganinsu, in ya gansu. Na ce na ji. Ya sauka yana girgiza kai.

Fasto ma ya zo. Ya ce Baba Rading, waɗannan abubuwan na da ne, Nyar Seme tana iya shuka gonarta da addu'a, babu abin da zai faru. Na nuna masa ɗakin girki, na ce tana ciki, ya je ya gaya mata. Ya sha shayinsa, ya yi addu'a mai tsawo, ya hau kekensa. Bai je wajenta ba.

Nyar Seme ba ta ce mini komai ba. Suruka ba ta jayayya da uban miji. Abin da ta yi, ta daina aiko yaran su ci tare da ni. Da can Adoyo da ƙanwarta suke kawo tuwon masara da ƙananan kifi, su zauna a tabarma suna ba ni labarin makaranta har in kore su. Yanzu ita take kawowa da kanta, ta durƙusa ta ajiye, ta ce Baba ga abinci, ta tafi. Tuwon bai ragu ba, miyar ba ta canza ba. Ni kaɗai nake ci a ƙofar ɗakin matata, ina kallon abila a rufe. Bayan na ci sai in zaga kabarinta in cire ciyawar da ta fito a kai. Ba na magana da kabari. Amma wurin ya fi ko'ina tsabta a gidan a watan nan.

Ba wai Onditi bai gwada ba. Wata safiya ya shiga abila da takarda da kalkuleta, ya rufe ƙofa. Na ɗauko fartanya na ajiye kusa da ƙafata. Ko shayina ban shanye ba ya fito, ya ce batirin kalkuleta ya mutu. Ya tafi Akala neman batiri. A can ya haɗu da masu kwamiti. Sai magariba. Wata rana kuma ya shiga, ya fito ya ce an canza dokar haraji bara, wannan takardar ta tsufa, sai ya nemo sabuwa. Na mayar da fartanya inda take.

Ya zo mini da fushi sau ɗaya. Ya ce wannan ba adalci ba ne, yara me suka yi, in damina ta wuce me za su ci. Ya ce shi ba yaro ba ne da za a tsare da yunwa. Na ce ƙofar abila ba kulle take ba. Ya juya ya tafi.

Bayan kwana biyu na same shi a bayan gida yana gyara shingen da babu abin da ya same shi. Na tsaya ina kallo. Ya ci gaba da ɗaure itace a kan itace. Can, ba tare da ya ɗago ba, ya yi magana.

"Baba, sau biyu na shiga zauren nan ina ganin na sani. Sau biyu. In na zauna na yi takardar nan na faɗi, na san Afrilu ta ƙare tun yanzu. Yanzu kuwa ban sani ba. Ina iya kwana."

Ban saba da irin wannan magana ba. Ubana bai taɓa jin irinta daga bakina ba.

Na ce, "Matarka ba ta kwana."

Ya ja igiyar har ta tsinke.

Masarar Obura ta kai gwiwa. Tsofaffi suna cewa wanda bai shuka ba zuwa ƙarshen Maris, kara zai girba. Muna cikin makon ƙarshe. Ina fita da asuba in tsaya a bakin gonar marigayiya, in damƙi ƙasa a hannu, in watsar. Tun da na yi wayo ban taɓa barin ruwa ya wuce ni haka ba. Amma na riga na faɗa.

Sai wani ɗan kasuwa ya mutu a Akala, mai mata uku da motoci. Kwamitinsa babba ne. Ranar zamansu na farko Onditi ya fito da farar riga a goge, takalmi yana ƙyalli. Ina zaune a ƙofata. Yana dab da fita Nyar Seme ta fito daga ɗakin girki da kwaryar iri a ka, fartanya a kafaɗa, zani ɗaure a ƙugu. Ta wuce shi ta tsaya a bakin ƙofar gida. Ba ta dube ni ba. Amma ta ɗaga murya daidai yadda zan ji.

"Baban Adoyo, yau iri zai shiga ƙasa. Ko hannun Baba ya fara, ko nawa."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani. Kai mai ilimi ne, ka sha gaya mini babu chira. To babu. Bari in gwada a kan Adoyo da ƙanwarta, mu gani."

"Ajiye kwaryar nan. Gobe da sassafe zan zauna, na yi miki alkawari."

"Goben nan taka ta girmi Adoyo."

Ya juyo ya dube ni. Na dubi ƙafata. Da ta kai bakin gona da na riga ta, ko da gudu ne, na jefa iri ko ƙwaya ɗaya. Ba zan bar jikokina a bakin chira saboda takarda ba. Amma ba su san haka ba, ni kuma ban faɗa ba.

Ta juya ta fara tafiya. Ba sauri take ba, ba kuma tsayawa. Ya bar ta ta kai gindin ayaba, sannan ya kira sunanta na yanka, wanda ban taɓa jin ya kira a gabana ba. Ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

Ya shiga ɗakinsu ya fito da takarda da biro da kalkuleta. Ya danna wayarsa ya miƙo mini. Ya ce in waƙar coci ta tashi, kira ne, kada in kula. In ta yi cara kamar zakara, awa uku ta cika, in buga masa ƙofa. Ya shiga abila da farar rigarsa, ya ja ƙofa.

Nyar Seme ta dawo ta zauna a ƙasa a bakin ƙofar gida, kwaryar a cinyarta. Ni ina kujerata. Tsakaninmu faɗin tsakar gida.

Wayar ta yi waƙar coci. Ta daina, ta sake. Na kife ta a ƙasa, ba ta yi shiru ba. Na ɗora hulata a kai. Can zakaran gida ya hau rumbu ya yi cara, na yunƙura zan tashi, sai na gane ba wayar ba ce. Nyar Seme ta sunkuyar da kai, kafaɗarta tana motsi. Na koma na zauna kamar gyara zama na yi.

Rana ta ɗaga sai ga babur ya tsaya. Owiti ne, shugaban kwamitin, mutum mai tumbi da yawan gaisuwa. Na tare shi tun a waje. Ya ce sun yi ta kira, mutane sun taru, an kawo shayi, ba a iya fara komai sai Akanta ya zo.

Na ce, "Babu akanta a gidan nan tukuna."

Ya yi dariya, ya ce Baba Rading ba ka rabuwa da wasa. Ya ce gawa tana jira. Na ce gawa ba ta sauri, kuma a Akala akwai masu biro da yawa. Ya leƙa ta bayana, ya ga Nyar Seme a ƙasa da kwarya, ya ga fuskata. Ya ce to, za a gaya wa dangin mamaci yadda aka yi. Na ce a gaya musu.

Da ya tafi na zaga ta bayan abila kamar mai duba kaji. Akwai 'yar kafa a jikin taga. Onditi ya cire farar rigar ya rataye a ƙusa. Ya dafe goshi da hannu ɗaya, ɗayan yana rubutu. Ya soke, ya sake. Ya ɗago ya dubi ƙofa, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya mayar da kai. Na koma kujerata.

Da wayar ta yi cara na buga ƙofa. Bai buɗe nan da nan ba. Da ya fito idonsa ya yi ja, gefen hannunsa duk tawada.

"Na faɗi, Baba. Tambayar ƙarshe ko rabinta ban kai ba."

"Ka tashi kafin lokaci?"

"A'a."

"Ka buɗe littafi?"

"A'a."

Na ce to. Na miƙa masa wayarsa, na shiga ɗakin girki na sauko da iri.

Tsakar rana ba lokacin shuka ba ne, amma ban jira ba. Na shiga gonar marigayiya, na share ciyawa daidai tsawon mutum, na sara, na jefa, na rufe da ƙafa. Ban ɗago ba na ji fartanyar Nyar Seme ta fara a tata gonar. Jim kaɗan sai ga Onditi da igiyar layi da tsohon wando, ya ce bari ya taya mu, aikin ya yi yawa, lokaci ya ƙure. Na ce gonar tana da masu ita. Ya tsaya riƙe da igiyar. Nyar Seme, daga can, ta ce ya ɗauki hoton abin da ya rubuta ya tura kafin ya ce akuya ta cinye. Ya ajiye igiyar ya koma.

Kwanaki muka yi muna yaƙi da ciyawa kafin mu gama shuka, ni da ita, da wasu mata biyu da ta roƙo daga coci. Bayana ya tuna mini da tashar jirgi. Ban ce wa kowa ba.

Malamar ta maido da amsa. Makin ya yi ƙasa sosai, ya faɗa mini da kansa. Na zaci zai koma gyaran shinge. Sai ya ce abin mamaki, ba ko'ina ne ya lalace ba. Wuri uku ne, kuma biyu ya san su, saurin da yake yi ne yake kayar da shi. Na ukun ne bai taɓa ganewa ba tun farko, yana tsallake shi duk lokacin da ya bi littafin. Ya yi mini bayaninsa, wani abu game da kamfanin da ke da reshe a wata ƙasa. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Na bar shi ya gama.

Washegari ya kawo mini wayar da kansa, ya shiga abila. Haka muka ci gaba. Ba kullum ya yi daidai ba. Akwai ranar da na ji minshari daga abila. Akwai ranar da ya ce zai je Akala ya dawo yanzu, ya kai la'asar. Amma washegarin kowace irin wannan rana yana kawo wayar, ba sai na tambaya ba. Rediyo ya sauka daga kan littattafai. Yaran suka dawo cin abinci a tabarmata.

Mutanen Akala ba su yafe ba. Aka binne ɗan kasuwar ba Onditi. Magana ta zaga cewa gidan Rading sun fi ƙarfin makoki, in tsohon ya mutu sai su naɗe shi da takardu su binne da kansu. Obura ne ya kawo mini, yana cewa shi dai ya faɗa ne don in sani. Daga nan duk jana'izar da aka yi ni nake zuwa a madadin gidan. In sa kwat ɗina, in ɗauki sanda, in zauna a layin tsofaffi. A gaishe ni a taƙaice. A kawo nama a fara daga wancan gefe. In zauna har a gama, in dawo a ƙafa.

Da Afrilu ta yi nisa ya ce zai koma Kisumu wajen wani ɗan ƙanwar uwarsa, kusa da ɗakin karatu, ya yi sauran kwanakin tare da wasu masu rubuta takardar. Ya faɗa yana kallona, ko zan ce wata sabuwar hanyar zagaye ce. Na tambaye shi ko malamar ce ta ce ya zo. Ya ce ita ce. Na ce ya tafi.

Ranar jarrabawa ina gona ina noman farko. Masarar gajera ce, ta Obura ta riga ta fi ni tsawo. Da yamma Nyar Seme ta zo bakin gona da waya a hannu, ta ce Baba, ya fito, ya ce ya taɓa kowace tambaya har ta ƙarshe. Na ce madalla. Ta ɗan tsaya kamar akwai sauran magana. Sai ta karɓi fartanyata ta ce rana ta yi, in je in huta.

Ya dawo ya jira sakamako. Kwamitoci suka daina zuwa nemansa. Ya yi noma na biyu tare da mu, wannan karon ban hana shi ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, masarar tana fitar da gemu. Abin da muka samu bai kai rabin na bara ba. Nyar Seme ta zuba a rumbu, ta dubi inda ya tsaya, ta rufe. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, har yau.

Sakamakon ya zo ta waya wata rana da hantsi. Ina gindin mangwaro ina gyara ƙotar gatari. Ya zo ya tsaya a gabana.

"Baba, ya fito."

"Yaya?"

"Na ci."

Na ce to. Na ci gaba da fiƙe ƙotar, don hannuna yana bukatar abin riƙewa. Da yamma na yanka rago. Obura ya zo ya ci, ya ce shi dama tun farko ya san yaron zai yi.

Ba a daɗe ba wani kamfanin niƙa a Nakuru ya ɗauke shi. Aka ba shi ɗaki biyu. Ya tafi shi kaɗai ya fara, sannan ya dawo da ƙaramar motar kaya ya kwashi iyalinsa, don makarantun can sun fi. Ya ce in bi su. Ya ce akwai asibiti kusa, za a duba bayana. Na ce wa zai zauna da gidan. Ya ce ko na wata biyu ne. Na ce su yi sauri kada hadari ya tare su a hanya.

Na taya su ɗora katifa. Nyar Seme ta durƙusa ta yi mini sallama, ta ce ta yi magana da matar Obura za ta riƙa aiko abinci. Na ce ba na so, ina da hannu. Yaran suka hau baya suka zauna a kan buhu. Onditi ya riƙe hannuna da hannu biyu. Direba ya yi hon.

Karen da yaran suka bari a gida ya bi motar har ta sha kwana. Da la'asar ya dawo, ƙafafunsa duk jar ƙasa, ya kwanta a ƙofar ɗakinsu. Na kira shi, bai zo ba. Na hura wuta na tuƙa tuwo, ya yi yawa, don ban san awon mutum ɗaya ba. Na ci abin da zan iya, na kai masa sauran can inda yake.